Iya Ruwa Fidda Kai: Daga Kogin Mono Zuwa Sokode

A ƙarshen damina muka yi sammako daga Tchamba, mu huɗu, muka nufi bakin kogin Mono domin mu gwada wasan nan mai hawa uku: iyo, tseren keke, sa'an nan gudu. A gasar Olamfik, inda wasan ya shiga a shekarar 2000 a birnin Sidni, ana iyon mita 1,500, a tuƙa keke kilomita 40, a yi gudun kilomita 10. Da yake mu 'yan koyo ne, sai muka rage iyon, muka roƙi wani masunci ya bi mu da kwalekwalensa.

Ashe dabarar nan ce za ta cece mu. Ɗayanmu a wurin wankan otal ya koyi iyo, inda ruwa yake garau, bango kuma yana kusa. Da ya kai tsakiyar kogi, ruwa jawur, ba a ganin ƙasa, ga shi yana jan sa kudu, sai numfashi ya sarƙe masa. Masuncin ya miƙa masa gora, ya riƙe har hankalinsa ya dawo, sa'an nan ya ƙarasa gaɓa.

Daga nan muka hau kekuna zuwa Sokode, fiye da kilomita 30, ta tsakanin gonakin doya da na kashu. Gudun kuwa, da jan ƙafa muka gama shi.

Iyaye, a koya wa yara iyo, amma kada gwaninta ta sa a bar su su shiga kogi babu babba a kusa. Allah Ya tsare mana zuriya.