Uwargida, Kin Yi Gwajin Ƙanjamau Kuwa?



Shekaruna na koyarwa a ajin matan aure sun nuna mini cewa kunya da tsoro ne ke hana mu gwajin ƙanjamau. Wata ɗalibata ta taɓa ce mini, "Malama, in na ce maigida ya yi gwaji kafin ya ƙaro aure, ai cewa zai yi kishi ne, ko kuma ina zarginsa da neman mata." Na ce mata lafiyarta da ta 'ya'yanta amana ce, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure.

'Yar'uwa, mace kamila na iya ɗaukar cutar nan a ɗakin aurenta. Ana kamuwa ta hanyar saduwa, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura, reza ko askar wanzamin da aka yi wa wani amfani da ita. A gida mai mata uku, in ta shiga ɗaki ɗaya, rabon kwana na iya kai ta sauran. Ba a kuma gane mai ita da ido, don mutum kan yi shekaru garau da ƙwayar a jikinsa.

Ki lura, in kamuwar sabuwa ce gwaji kan kasa nunawa, shi ya sa ake so a maimaita bayan wata uku. Bazawarar da ta gama idda ko takaba, galibi wannan lokaci ya riga ya shige mata. Shi kuwa namiji ba ya idda, don haka shi ya fi bukatar maimaitawa.

Mai juna biyu kuma kada ta ƙi gwajin a wajen awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in uwa mai cutar ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In tana sha yadda ya kamata, adadin kan koma ƙasa da 5. Mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina nunawa a awon jini, ba ta shafa wa mijinta.

Wadda Allah Ya jarrabe ta kuwa, kada mu guje ta. Cin abinci kwano ɗaya, buta, gaisawa ko cizon sauro ba sa yaɗa cutar. Tsegumin da muke yi a gidan biki da suna shi ke sa mata ɓoyewa har su kwanta.

Ki samu maigida cikin ladabi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki ce ku je tare, ke ki fara miƙa hannu. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya tsare mana zuriyarmu, amin.