Wa Ke Faɗa wa Na'ura Cewa Ka Gama Magana?

Duk mai hira ta WhatsApp yana tsammanin saƙo abu ne guda, kamar wasiƙa cikin ambulan: a rubuta, a aika, ya isa cikakke. Abin da ya nuna mini yawan aikin da ke ƙarƙashin wannan tsammani shi ne wani ɗan allon lantarki wanda bai cika tafin hannu ba, wato Arduino Uno, ɗaya daga cikin allunan da suka samo asali a garin Ivrea na Italiya a 2005.

Haɗin ba shi da wuya. Ana ɗora wa allon wani allo na biyu mai ramin kebul ɗin Ethernet, a jona shi da rauta, a ba shi lambar IP, sannan a loda masa 'yar manhajar gwaji mai suna ChatServer. Daga nan sai ya zauna yana saurare a ƙofa mai lamba 23, ƙofar telnet, tsarin da aka fara amfani da shi tun 1969. Kwamfutoci biyu su shigo, abin da wannan ya buga ya bayyana a gaban wancan. Babu buƙatar intanet ko data. Sai dai komai a fili yake tafiya. Telnet ba ya rufa wa kowa asiri.

Ranar da na fara gwada shi da wani abokina, kowa da kwamfutarsa a ɗaki guda, gaisuwa ta wuce lafiya. Da hira ta yi daɗi muka fara bugawa a lokaci ɗaya, sai ga haruffana da nasa sun cakuɗe cikin layi guda, kamar an zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya. Na'urar kuwa ba ta lalace ba. Manhajar tana ɗaukar bayit ɗaya ne daga duk wanda ya turo, ta watsa wa kowa nan take, har da mai turowar, ta koma ta ɗauki na gaba. Telnet na Windows kuma yana aika kowane harafi da zarar an danna shi. Tsarin TCP da ke ɗauke da hirar ya yi alkawarin cewa bayit-bayit ɗin mutum za su iso bi da bi, ba tare da ɓata ba, amma bai taɓa alkawarin faɗin inda magana ta ƙare ba.

Ga mai rubutu da Hausa abin ya fi haka tsanani. A tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne, alhali k da d da b ɗaya-ɗaya ne. Idan bayit ɗin wani ya faɗo tsakanin biyun nan, harafin kansa ya wargaje, sai wata alama marar ma'ana ta maye gurbinsa.

Maganin a baki mai sauƙi ne: a ware wa kowane baƙo wurin ajiya, a tara haruffansa har ya danna Enter, sannan a aika layin gaba ɗaya. A nan ne ƙanƙantar allon take zama malami. Ƙwaƙwalwar aikin ATmega328P, wato guntun da ke tafiyar da Uno, bayit 2,048 ce kacal. Guntun W5100 da ke kula da sadarwa kuwa haɗi huɗu yake iya riƙewa a lokaci guda. Idan aka ba kowanne bayit 128, an cinye 512, kashi ɗaya bisa huɗu ke nan, tun ba a yi komai ba.

To, idan mutum ya wuce 128 bai danna Enter ba fa? Ko a katse shi a aika abin da ya taru, ko a zubar da ragowar, ko a ce masa ya taƙaita. Idan kuma ya fara layi sai wuta ta ɗauke a wajensa, har yaushe za a riƙe masa gurbi alhali na biyar yana jira? Waɗannan hukunce-hukunce ne irin na mai gida a zaure, kuma mai rubuta manhaja ne yake yanke su. Ni dai na zaɓi a katse a aika, tare da ɗigo uku a ƙarshen layin, don wanda ke ɗaya ɓangaren ya san da sauran magana.