Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ban taɓa zaton dusar ƙanƙara za ta hana ni barci ba, sai da karatu ya kai ni birnin Miniyafolis na jihar Minisota a Amurka. A can, doka ta wajabta wa maigida ya share hanyar ƙofar gidansa cikin sa'o'i 24 bayan ƙanƙara ta daina zuba. Shekarar farko da shebur na yi, har ƙuguna ya nemi ya gaza. Da na ga abin ba na ƙare ba ne, sai na sayi injin kwashe ƙanƙara, sabo fil, mai ƙyalli da araha. Ban tambayi kowa ba.

A watan Fabrairun 2019 ƙanƙarar da ta zuba a birnin ta kai inci 39. Wata ranar da asuba naƙuda ta taso wa maiɗakina, ga shi motar share titi ta tara mana tudun ƙanƙara a bakin gareji. Na tayar da injina, ya yi taku kaɗan, wani abu ya ƙara a cikinsa, ya tsaya cik. Daga baya na gane haƙorin roba ne ya ɓare, kuma babu kantin da ke sayar da irinsa a kusa. Ina tsaye hankalina a tashe, sai ga maƙwabcina, wani dattijo Bature, yana turo tsohon injinsa ƙirar Ariens wanda fentinsa ya koɗe. Kafin minti goma ya buɗe mana hanya. Alhamdu lillahi, ta sauka lafiya a asibiti.

Bayan suna na je yi masa godiya, shi kuwa ya zaunar da ni ya karantar da ni. Ya ce inji iri biyu aka fi amfani da su a gida. Mai mataki ɗaya na ƙanƙara marar zurfi ne. Mai mataki biyu kuwa yana da ƙarfe mai murɗawa da ke tattaro ta, sannan fanka ta watsa ta gefe, kuma shi ke iya tudun bakin titi. Ya nuna mini wata ƙusa da aka ƙera da gangan don ta karye in injin ya ci dutse, domin giyarsa ta tsira. Ya ce in ajiye ƙusoshin, da bel da fulogi, kuma kada in bar fetur ya kwana a ciki duk bazara, don shi ke toshe kafireto.

Yana magana ina tuna mahaifina da Fijonsa 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Ya kan ce motar kirki ita ce wadda bakaniken ƙauye zai iya gyarawa a gindin bishiya. Ashe na baro wannan karatu a gida, sai da na tsallaka teku wani dattijon ya maimaita mini.

Injin da na saya daga baya na hannu ne, na ƙarfe zalla. Kafin in biya sai da na tabbata akwai kayan gyaransa a unguwarmu, kuma da sifana biyu zan iya kwance shi. Har yau, duk sanda na canja masa ƙusa, sai in dubi 'yata in tuna asubar nan.