Dutsen da Ya Tsallake Rijiya da Baya

A wurinmu ba a hawan dutse haka kawai. Wanda ka hango a kan tsauni, ko dai makiyayi ne da akuyarsa ta ɓace, ko mai neman itacen girki, ko mai haƙar saiwa. Da karatu ya kai ni birnin New York na ƙasar Amurka, sai na tarar da mutanen da kan tashi da sassafe ranar Asabar, su ɗaure takalmi, su saɓa jaka, su yi tafiyar kusan kilomita 80, ba don komai ba sai don su hau dutse su sauko. Tun da na bi sahunsu sau ɗaya, ban sake barin kaka ta wuce ban koma ba.

Wurin da nake zuwa shi ne gandun shaƙatawa na Bear Mountain, mallakar gwamnatin jihar New York, a gaɓar yamma ta Kogin Hudson. Dutsen ba wani ƙasaitacce ba ne, tsawonsa bai cika mita 400 ba, amma ya isa ya nuna wa mutum iyakar ƙarfinsa. Hanya takan faro ne daga bakin tafkin Hessian, ta kutsa cikin itatuwa, sannan ta miƙe sama. Kafin a yi rabi gwiwa ta fara ƙorafi, numfashi ya koma sama-sama. A nan ake gane cewa sannu ba ta hana zuwa: matashi mai gaggawa kan wuce ka a guje, can gaba ka same shi zaune yana haki, wata tsohuwa da sandarta ta wuce ku duka. A watan Oktoba ganyaye kan rine, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa. Daga ƙololuwa, inda hasumiyar Perkins take, idan gari ya washe akan hango dogayen benen Manhattan can nesa, kamar an kakkafa tsinke. Wanda ya shafe mako cikin ƙaramin ɗaki da ƙugin jirgin ƙasa, shi ya san daɗin wannan shiru.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin wurin, domin saura ƙiris ya zama kurkuku. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin jihar ta ƙudurta mayar da gidan yarin Sing Sing gindin wannan dutse, har an soma aiki. A 1910 sai Mary Harriman, matar marigayi Edward Harriman, hamshaƙin attajirin jiragen ƙasa, ta miƙa wa jihar fili eka 10,000 da dala miliyan ɗaya, bisa sharaɗin a janye maganar kurkukun. Wasu attajirai suka ƙara nasu, aka buɗe gandun a 1913. Ita kanta hukumar da ke kula da shi, an kafa ta ne a 1900 don a taka wa masu fasa dutse birki, waɗanda suke cinye duwatsun bakin Hudson da nakiya. Wurin da aka so a kulle mutane, yau shi ne inda suke zuwa su sha iska.

Kyautar attajira ita ce mafari, amma ba ita ta shimfiɗa hanya ba. A nan aka buɗe sashen farko na Hanyar Appalachian a 1923, wadda a yau ta ratsa jihohi 14, daga Georgia zuwa Maine, tsawon kusan kilomita 3,500, kuma duk a ƙafa ake bin ta. Alamarta ɗan farin fenti ne a jikin bishiya ko dutse. Muddin kana ganin sa, ba ka ɓata ba. Da yawan sawu ya zaizaye hanyar, sai aka shafe fiye da shekara goma ana sake ta, aka jera matakalar dutse sama da 1,000. Galibin masu aikin ’yan sa-kai ne, suna sassaƙa da guduma, suna turawa da ƙarfen bambara, a ranakun hutunsu. Wannan ai shi ne aikin gayya, sai dai babu mai gona, babu kuma tuwon da ake jira. Duk matakalar da na taka, na san wani ya yi gumi a kanta don baƙon da ba zai taɓa gani ba.

Shi ya sa masu hawa suke kiyaye ƙa’ida ba tare da ɗan sanda ba. Ba a kauce wa hanya, don kada a tattake tsirrai. Wanda ya hau da gorar ruwa, da ita zai sauko. Mai zuwa a ƙafa ba ya biyan kuɗin shiga, sai mai ajiye mota, saboda haka direban tasi da ma’aikacin banki gumi ɗaya suke yi, inuwa ɗaya suke raɓa.

Idan na zauna a can sama, Dala da Kufena kan faɗo mini a rai. Sun fi Bear Mountain tarihi nesa ba kusa ba, amma gidaje sun matse Dala har wuya, kuma duwatsu da dama a garuruwanmu suna komawa tsakuwa a bayan tifa. Dutse ba ya kare kansa. Yana bukatar mai hali da zai saki fili, da hukuma mai cika alkawari, da talaka mai ba da ranar hutunsa. Idan aka rasa waɗannan, jikokinmu za su gaji sunayen duwatsun ne kawai.