Tsakanin Gulbi da Tukunyar Gwaggo

Ranar da Gwaggo ta dawo daga asibiti, ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna bakin murhu, ta miƙa wa jikanta takardar da aka ba ta. Yaron, wanda ke aji uku na kwaleji, ya karanta ya fassara mata: jininta ya hau, suga ya fara bayyana. Likita ya ce ta rage gishiri da mai da shinkafa, ta yawaita ganye. Gwaggo ta yi murmushi, ta ce: «Ɗan nan, ni za a koya wa cin ganye?»

Tana da hujjar faɗin haka. A Bagalam aka haife ta, cikin tsohuwar unguwar Maraɗi mai kallon gulbi. Iyayenta na cikin waɗanda ambaliyar 1945 ta tayar daga kwari zuwa tudu, amma ba su yi nisa da fadama ba. A ƙuruciyarta, rama da yakuwa da tafasa ba abin ciniki ba ne. Yarinya kan sauka da hantsi ta dawo da ƙwarya cike. Hura da nono da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da daddawa da dare, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a tsakani.

Yau tana zaune can ƙarshen gari, a sabuwar unguwa inda haya ke da sauƙi. Kowace kusurwa akwai shago, kuma kayansu iri ɗaya ne: shinkafar waje, taliya, mai, suga, ɗunƙulen magi, lemun kwalba. Mai shago ba mugu ba ne. Kayan da ba su lalacewa yake ajiyewa, don tumatir ba ya kwana uku cikin zafin bazara. Shi ne kuma ke ba da bashi har ƙarshen wata. Zogalen Jiratawa kuwa da albasar Galmi suna kasuwa tuli-tuli, sai dai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya kan zarce kuɗin cefanen. Ga tsadar itace: wake na cin wuta, taliya kuwa tafasa ɗaya ta ishe ta. Mai dala ɗari a hannu da bakuna bakwai a gida, ƙoshi take fara nema, lafiya ta biyo baya.

Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi. A 2005 hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tiya ce ta fi ƙarfin talaka, yara suka cika wuraren jinyar tamowa. A 2023, da aka rufe iyakoki bayan takunkumin CEDEAO, kuɗin shinkafa ya haura, gidajen da suka dogara da ita suka ji a jika. Amma akwai wata yunwa wadda ba ta da hayaniya, yunwar mai cikakken ciki. A gida guda sai a tarar da kaka mai hawan jini, uwa mai ƙarancin jini, da yaron da tsawonsa bai kai shekarunsa ba, alhali tukunya ɗaya suke ci.

Jikan ya buɗe littafinsa ya nuna mata abin da aka koya musu: Hukumar Lafiya ta Duniya na son babban mutum ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Gwaggo ta tambaye shi: «Malamin naku ya gaya muku inda za a samo su?» Yaron ya yi shiru. Wannan tambaya ta cancanci shiga kowane aji, domin darasin da ya tsaya ga abin da ya kamata a ci, bai duba nisan kasuwa da abin da ke cikin lalita ba, ya bar laifi a kan uwa ita kaɗai.

Gwaggo dai ba ta zauna jiran amsa ba. Ta kai maganar taron adashin matan layinsu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991. Suka shirya cewa duk Litinin da Juma'a mace ɗaya za ta tafi kasuwa da kuɗin kowa, ta sayo ganye da kuɓewa da tumatir a kwando, a raba, abin da ya saura a shanya a inuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bayan ɗakinta kuma ta dasa zogale uku, tana ba su ruwan alwala, tunda garwar ruwa ma saye ake yi.

Jininta bai sauka dare ɗaya ba, maganin asibiti kuma tana sha. Amma da damina ta kama, jikan ya tsinko ganyen farko, ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, ta rage gishiri, ta aika wa maƙwabciya rabi.