Hoton Inna a Gindin Gawo



A ƙasan akwatina akwai wani tsohon hoto da ya girme ni. Inna ce a ciki tana amarya, a bakin gonarmu ta bayan garin Kurawa, ƙasar Sabon Birni. Daga Isa aka ɗauko mai hoton. Shekara da shekaru fuskar Inna kawai nake kallo, sai kwanan nan na lura da abin da ke bayanta: gawo uku manya, ga tsamiya, ga kalgo ya yi duhu. Zuwana gida na ƙarshe na tsaya a daidai wurin, ban tarar da komai ba sai rairayi da tumfafiya.

Na san ranar da aka rasa biyu daga cikin gawon nan. Ina budurwa, cikin hunturu, bayan an gama girbi, wasu samari masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta. Iska ta kwaso ta zuwa gonaki. Maza suka fita da ɗanyun rassa suna bugu, mu mata muna jigilar ruwa a tulu muna salati. Kafin asuba ta cinye harawa da tarin kara da damman geron da ba a kai rumbu ba. A shekarar sai da aka sayar da awakin Inna kaf muka ga damina.

Abin da ya tono mini wannan shi ne wasu hotuna da ɗiyata ta nuna mini a wayarta, na wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Gideon Mendel. Tun 2007 yake bin garuruwan da ambaliya ta ci yana ɗaukar mutane, har Nijeriya ya zo a 2012. Daga 2020 kuma ya koma bin sawun gobarar daji, ya fara da Ostareliya. Yakan tsayar da mai gida a cikin tokar gidansa ya ɗauke shi. Da farko raina ya ɓaci, na ce wane irin rashin tausayi ne, mutum na cikin jaje a ce ya tsaya a yi masa hoto? Da na sake dubawa sai na ga wata mata a tsaye ƙyam, ta kafe mai kallo da ido, ba kuka ba roƙo. Wallahi haka Inna ta tsaya da safiyar nan. Ba wanda ya ɗauke ta, shi ya sa in na ba jikokinta labarin suke jin sa kamar tatsuniya.

Masana sun ce zafin duniya ƙaruwa yake yi, damina kuma ta rikice, shekara ta zo da fari wata ta zo da ambaliya. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma mun ga ambaliyar 2010 a yankin Goronyo. Ƙasar da ta bushe haka, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Amma ashanar a hannun 'ya'yanmu take, 'yar uwa, mu kuma muke renon su.

Hoto yakan yi shaidar alheri ma. An ɗauki ƙauyen Galma na ƙasar Nijar daga sama a 1975, aka sake ɗauka a 2003, sai ga itatuwa sun ninka na da. Sirrin kuwa a nan maƙwabtanmu Maraɗi aka farfaɗo da shi tun wajen 1983: in manomi zai yi sassabe, sai ya bar tohon kututture ya gyara shi har ya zama itace. Ba sayen iri, ba ban ruwa.

Don haka ga roƙona. Ki ja kunnen samarin gidanki kan sa wa daji wuta, kuma a share fili kewaye da tarin kara da rumbu. Ki roƙi maigida ya bar toho a gona, kin san dasa itace sadaka ce mai gudana. Sannan wayar nan ta hannunki, ki ɗauki gonarku da rijiyarku da itacen ƙofar gida, wuri guda duk shekara. In mutum ne za ki ɗauka, musamman wanda ke cikin jarrabawa, ki nemi izininsa, ki kiyaye masa sutura. 'Yan uwanmu da rashin tsaro ya kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019, da yawansu hoton waya ne kawai ya rage musu na gida.

Ni dai na ba ɗiyata hoton Inna ta adana a wayarta. Na kuma yi alkawari, in Allah Ya kawo zaman lafiya, zan kai ta Kurawa in ɗauke ta a daidai inda kakarta ta tsaya, da ɗan gawon da za mu rena a gefenta.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba mu damina mai albarka, amin.