Rijiyar da Ban Rufe Ba

Mai karatu, na san halin da ake shiga idan aka ce duba-gari ya shigo unguwa: mata su hau shara, maigida ya ɗaure fuska. Na daɗe a wannan aiki har na zama babban jami'i, amma akwai wata rijiya da har yau take hana ni barci.

Ina sabon ɗauka, a tsakiyar damina, na tarar da ita taku biyar kacal daga masai. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30, masai kuma ya kasance ta gangare, domin ruwan sama kan tura ƙazanta ta cikin ƙasa zuwa rijiya. Dattijon gidan ya ce, "Ɗana, ita kakanninmu suka sha." Nauyinsa ya kama ni, na ce, "To, Baba," na fita ban rubuta komai ba. Kafin wata ya ƙare, cutar amai da gudawa ta ɗauke jikarsa cikin yini ɗaya.

Ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da cuta. Ka auna tazarar rijiyarka yau. Idan ta gaza, a riƙa tafasa ruwan sha. Da zarar gudawa ta fara, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a yi ta ba mara lafiya har a isa asibiti.

Ranar da na yi sallama a ƙofarka, don Allah kada ka roƙe ni in kau da kai. Na taɓa yi.